Tambayoyi da amsoshi kan manna foyil mai ƙyalli a jikin ƙananan motocin haɗawa

Mu masu haɗa ƙananan motocin roba a nan Bauchi ba mu da yawa, amma duk wanda ya ga mota a kan kanta tana walƙiya ta gefen gilashi da marikin ƙofa tambayarsa ɗaya ce, wai wane fenti ne wannan. Ba fenti bane, foyil ne. Ga tambayoyin da aka fi yi min, na haɗa su waje ɗaya, wasu daga yara 'yan sakandare wasu daga ɗaliban zanen gine-gine na jami'ar ATBU da Poli da suka saba yanka kwali da reza, wasu kuma dattawa ne da kawai suke son ganin 504 ɗin da suka taɓa hawa ta dawo ko da a tafin hannu ne.

Wai menene shi foyil ɗin nan, ba irin na gasa kifi bane?

Dangi ne amma ba ɗaya ba. Ƙarfe ne na gaske da aka murza ya zama siriri sosai, ya fi na kicin sirantaka, sannan aka shafa masa gam a baya aka ɗora shi kan takarda, kai dai ka yanko ka ɓare ka manna. Wanda aka fi sani sunansa Bare-Metal Foil, wani kamfani ne a jihar Mishigan ta Amurka yake yi, falle ɗaya tsawonsa wajen santimita 30 faɗi wajen 15. Akwai Chrome, akwai Ultra Bright Chrome, akwai Matte Aluminum mara ƙyalli, da baƙi da ruwan gwal da na jan ƙarfe. Kamfanin Hasegawa na Jafan ma suna da nasu mai suna Mirror Finish amma shi ya fi kama da leda, yana miƙewa idan ka ja shi, aikinsa daban ne.

Dalilin da yasa ake wahala da shi maimakon a ɗauki buroshi a shafa fentin azurfa shine lissafi. Yawancin motocin nan sikelin 1/24 ne ko 1/25, wato komai an rage shi sau 24 ko 25. Ƙarfen gefen gilashi da yake da faɗin santimita 2 a motar gaske idan ka raba shi 24 bai kai milimita 1 ba, toh wane hannu ne zai ja layin fenti mai wannan sirantakar ya miƙe sambal tun daga gaba har baya, kuma ko ka iya fentin azurfa toka-toka yake fitowa baya ɗaukar ido, shi kuwa foyil tunda ƙarfe ne haske yake mayarwa yadda na motar gaske yake yi.

Wanne zan saya a cikinsu?

Chrome na yau da kullum. Ultra Bright ya fi sheƙi a cikin leda shi yasa yake jan sabon shiga, amma ya fi tauri baya son lanƙwasa a kwana. Baƙin da ruwan gwal ɗin kuma launin a sama kawai yake, ka cika gogawa sai ya kankare farin ƙarfe ya leƙo.

A ina ake samu a Bauchi, ko sai Kano?

Ɗan uwa kar ka ɓata man mashin ɗinka kana zaga Wunti da Muda Lawal da Santaral, wannan ba kayan da ɗan kasuwa zai ajiye yana jiran mutum ɗaya a shekara bane. Oda ake yi ta intanet ko a ba wani mai dawowa daga waje saƙo, kuɗin kuma ya danganta da inda dala ta kwana. Abin da zan ja kunnenka a kai shine yadda za a ɗauko shi, ka roƙi mai kawowa ya saka shi tsakanin kwali biyu masu tauri, domin idan aka naɗe shi ko aka cusa a gefen akwati zai iso duk ya yi tsaga-tsaga ƙanana kuma duk inda tsagar ta bi nan zai yage lokacin ɓarewa. Falle ɗaya yana yin motoci da dama in ba irin Chevrolet Bel Air ta 1957 ka ɗauko ba, wadda ita kam ƙarfe ne tun daga hanci har wutsiya. Ku haɗu ku biyu ko uku ku yi oda tare, ya fi sauƙi.

Sauran kayan aikin kuwa duk suna nan gida.

Wane kaya nake buƙata?

Wuƙa mai tsini, ita ce uwa uba. Turawa suna amfani da X-Acto mai lamba 11, mu kuma a nan ka shiga babban kemis ka ce a baka rezar tiyata lamba 11 da marikinta lamba 3, ta ma fi kaifi kuma tana da araha, ka sayi da yawa. Sai audugar goge kunne, tsinken sakace na katako, matsefata, rula ta ƙarfe, da tsohuwar singileti da ta sha wanki ta yi laushi. Fitila mai kyau wadda zaka iya juya ta gefe, ko ta sola ce. Wanda idonsa ya fara gajiya ya nemi tabarau na karatu, ba abin kunya bane Baba.

Rezar aski ta kwali tana yanko foyil daga jikin falle amma bata bin kwana a jikin mota, bakinta ya yi faɗi.

Yaushe ake mannawa, kafin fenti ko bayan fenti?

Nan ne maganar take, kuma nan ne yawancin mutane suke faɗuwa tun kafin su taɓa foyil ɗin. Tsarin shine firaima wato shafin farko, fenti, kiliya wato fentin garau mara launi da ake feshewa a sama, a bari ya bushe, a yi folish, sannan foyil, sannan a saka gilasai. Foyil baya ɓoye komai. Saboda sirantakarsa duk abin da ke ƙarƙashi sai ya fito da shi har ya ƙara masa gishiri, ƙwayar ƙura ɗaya da baka gani a jikin fenti idan ka rufe ta da foyil sai ta zama ƙurji mai walƙiya da za a hango daga bakin ƙofa, fentin da ya yi gurje-gurje kuma foyil ɗinka zai fito da gurje-gurje komai tsadarsa. Mutum zai zo yana cewa an sayar masa da jabu, ka karɓi motar ka shafa yatsa a gefen rufin ka ji kaushi, toh ina laifin foyil a nan. Kafin ka manna ka bi duk layin da zaka rufe da samfefa mai laushi sosai, lamba 2000 zuwa sama, da ɗan ruwa, a hankali dan kar ka cinye layin da aka zana a jikin robar, sannan ka goge da folish ka wanke da sabulu ka bari ya bushe, saboda maiƙon folish da na hannu suna hana gam kamawa.

Batun bushewa kuma kar rana ta yaudare ka. Fenti yana bushewa a sama cikin mintuna a zafin nan namu amma cikinsa da saura, idan ka danna foyil a kai zaka bar shatin yatsa, idan ka zo ɓare ragowar kuma ya taho da fentin. Fentin lacquer na gwangwanin feshi ka bashi kwanaki, na mai wato enamel yana iya cin makonni. Hanya mafi sauƙi ka kai motar hanci, in har kana jin warin fenti bai gama ba. Kuma dan Allah kar ka ce zaka shanya ta a rana ko a kan dashbod dan ta yi sauri, robar polistirin ce, zafin Maris da Afrilu da yake kaiwa digiri 40 zai murɗe maka rufin ta yadda gilashi ba zai sake zama ba.

Toh yaya ake mannawar kanta?

Ka auna wajen, ka ɗora rula a kan fallen ka yanka tsiri wanda ya fi wajen faɗi kaɗan ta kowane gefe, kar ka danna har ka huda takardar baya, foyil ɗin kawai zaka yanka. Ka ɗaga kusurwa da bakin reza ka kama da matsefata ka ɓare a hankali, in ka fizga zai nannaɗe kansa ya manne da kansa shikenan ka yi asara. Kar yatsa ya taɓa gefen gam. Ka ɗora ɗaya bakin a inda layin ya fara ka bi da yatsa kana kwantar da shi zuwa ɗaya bakin, ba wai ka jefa shi gaba ɗaya ba. Daga nan auduga, daga tsakiya zuwa waje, kana murzawa har sai ka ga siffar ƙarfen motar ta fito ɓaro-ɓaro ta cikin foyil. Sai tsinke, ka ɗan dasashe bakinsa da samfefa tukuna, ka bi kwarin da ke gefen layin ka tura foyil ya shiga ciki sosai, domin wannan kwarin shine hanyar da reza zata bi.

Yanka kuma ba ƙarfi bane. Sabuwar reza, ka riƙe ta kusa da baki, ka kwantar da ita kaɗan, ka bar nauyin wuƙar kawai ya yi aikin kamar yadda wanzami yake bi da aska a gefen kunne, ja ɗaya ba tare da ka tsaya kana sassaƙa ba. In kana jin kana dannawa toh fenti kake yankawa. Motar zaka riƙa juyawa ba hannunka ba. Idan ka gama ka ɗaga ragowar da bakin tsinke ka ja ta gefe, nesa da layin, in ka ga wani waje bai yanku ba ka tsaya ka sake bi da reza kar ka ja da ƙarfi. Ƙarshe ka sake murza bakin da auduga ka goge da singileti, a nan ne ƙyallin yake tashi.

Nawa yana yagewa kuma bakin yana fitowa kamar haƙoran zarto, me yasa?

Rezarka ta dakushe. Ƙarfe kake yankawa, bakin yana mutuwa da wuri ko da a ido yana nan lafiya. Canza. Wadda ka cire ka ajiye ta dan yankan roba, in ta gama amfani ka jefa cikin gwangwanin madara mai murfi saboda yara.

Motata layin gefen gilashin ya shafe, babu kwarin da reza zata bi

Yana faruwa da tsofaffin kit, wato kwalin sassan mota da ake haɗawa, na kamfanonin Amurka irin AMT da MPC da aka daɗe ana buga su da tsohon mazubi, ko kuma idan fenti ya yi kauri ya cike kwarin. Maganin gaskiya tun kafin fenti ne, ka juya reza ta baya ka bi layin a hankali sau da yawa ka zurfafa shi. In kuma aikin gama ya gama, ka yanka siririn maskin tef ka manna a jikin fenti daidai inda kake son foyil ya tsaya, ka ɗora foyil ya hau kan tef ɗin, ka murza, sai bakin tef ya zama maka katanga da reza zata jingina, bayan ka yanka ka ɗaga tef ɗin ya tafi da ragowar kuma fentinka bai ga gam ba balle ya yi datti. Ni ko a motar da layinta yake da kyau ina son wannan dabarar a dogon ƙarfen gefe. Kit ɗin Tamiya irin Volkswagen Beetle ta 1966 layukansu a fili suke, wanda zai fara koyo da irinsu ya kamata ya fara.

Zagayen gilashin gaba, falle ɗaya zan rufe ko gunduwa-gunduwa?

Tsiri huɗu, sama da ƙasa da gefe biyu, su ɗan hau juna a kusurwa. Falle ɗaya ɓarna ce, tsakiyar duk zubarwa zaka yi, kuma yana tattarewa a kwana. Mahaɗar bata nunawa in ka murza da kyau, ko ta nuna ma je ka duba tsohuwar Marsandi a garejin bakin hanya zaka ga ƙarfen nata ma da mahaɗa. Ragowar da ta leƙa cikin tagar kar ka yanke ta a baki, ka lanƙwasa ta ciki, ya fi kama da gaske kuma baya ɗagowa. Wajen manna gilashi kuma ka nisanci sufa gulu, tururinsa yana barin farin hazo a kan gilashi da foyil, farin gam na katako ya wadatar.

Hunturu fa? Ƙura bata bari na yi komai

Wallahi wannan ita ce jarrabawarmu da waɗanda suka ƙirƙiro abin basu san da ita ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar ta bushe ƙarau, roba tana ɗaukar wani maganaɗisu idan ka goge ta da tsumma sai ta riƙa jawo ƙura da kanta, ga gefen gam ɗin a buɗe yana jira. Abin da ke taimakawa, ka kashe fanka ka rufe taga, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin ka goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, ka bari ƙurar ta kwanta kafin ka zauna. Da sassafe bayan asuba ko da daddare ya fi. Kar ka ɓare tsiri sai ka shirya ɗora shi nan take, kuma motar in ba a hannunka take ba ta kasance cikin roba mai murfi irin ta abinci. Rigar sanyi mai gashi ma a cire ta. Ni dai a ganina damina ta fi daɗin foyil, hunturu a bar shi dan haɗa inji da kujeru.

A ina zan ajiye ragowar kar ya lalace?

A kwance, cikin ledarsa, tsakanin kwali, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, can ƙasan durowa ba saman sif kusa da kwano ba. Zafi yana busar da gam kuma yana sa takardar baya ta motsa foyil ya tattare. Wasu a waje suna sakawa a firij, amma da wutar da ake kawowa ana ɗaukewa firij ɗin zufa zai riƙa yi, ban ba da shawara ba.

Gam ya ɓata min fenti a gefe, da me zan goge?

Ɗan WD-40, man feshin nan na kwance tsatsa, a bakin auduga, ko ɗigon kananzir, ka gwada a ƙarƙashin mota tukuna inda ba a gani, ka goge a hankali nesa da bakin foyil dan kar ya shiga ƙarƙashi ya kashe gam ɗin da kake so, sannan ka bi da ruwan sabulu. Fetur da tina haramun ne a nan, zasu narkar da fenti har robar. Sifirit ma yana cin fentin akirilik.

Rubutun sunan mota da tambari ƙanana ne sosai, reza bata iya zagaye su

Ba zagaye su ake yi ba. Wannan ne kaɗai wajen da foyil yake riga fenti. Tun robar tana tsirara ko bayan firaima ka ɗora ɗan guntun foyil a kan rubutun, ka murza sosai har haruffan su fito, ka yanke kusa da su iya yadda zaka iya, sai ka yi fentinka a kai kamar babu komai amma kar ka yi kauri. Idan ya bushe ka jiƙa bakin tsinke da ɗan tina kaɗan, ba har yana ɗiga ba, ka shafi saman haruffan kawai, ko ka bi su da folish a hankali, fentin saman zai tafi ƙarfe ya bayyana shi kuma fentin da ke tsakanin haruffan yana nan. Ranar da ka fara ganin sunan mota ya fito da kansa haka sai ka kira mutanen gida su zo su gani, su kuma su kalle ka su ce wannan ɗan abin ne tun safe.

Zan iya feshe kiliya a kan foyil?

Zaka iya, yana riƙe bakin kar ya ɗago, amma yana rage ƙyallin kaɗan. Motar da zata zauna a cikin gilashi bata buƙata.

Yaya, ni ɗalibi ne bani da kuɗin oda, na kicin ba zai yi ba?

Zai yi ƙanena, da sharaɗi. Ka nemi mafi arha a kanti domin shine mafi siriri, mai tsadar kauri gare shi baya kwanciya. Ka shimfiɗa shi a kan gilashi ka goge da tsumma ya miƙe. Matsalar gam ce, akwai wanda aka yi musamman dan wannan, Micro Metal Foil Adhesive na kamfanin Microscale, ana shafa shi siriri a gefen da baya ƙyalli a jira ya tashi daga fari ya koma garau sannan a manna, kwalba ɗaya kuma tana daɗewa. Solushan na masu takalma da faci kar ka kusanto da shi, yana cin fenti kuma yana yin gudaji. Foyil ɗin cikin kwalin cakulan da cingam ma siriri ne in ka raba shi da takardarsa, yana yin madubin gefe da cikin fitila. Tef ɗin alminiyom na masu gyaran firij da AC kuwa ya yi kauri ga 1/24, amma wanda yake ƙera motar gwangwani ko ta kwali babba, irin tirela da tarakta da yara suke kwaikwayo tun zamanin da Steyr take haɗa su a garin nan, wannan tef ɗin shine daidai shi, bamba da tankin mai suna fitowa tsaf.

Ka fara koyo a jikin cokalin roba da ka fesa wa fenti, ko tsohuwar motar wasan yara, kafin ka taɓa kit ɗin da ka tara wa kuɗi.

Alƙalamin Molotow bai fi sauƙi ba?

Alƙalami ne mai tawada mai ƙyallin ƙarfe. Ya fi sauƙi, kuma ranar farko ƙyallinsa har ya fi na foyil. Sai dai baya son hannu, ka taɓa shi sau kaɗan ya dushe ya koma toka, ga shi ruwa ne, in hannunka ya karkace ya malala kan fenti. Ni ina ajiye shi dan ƙananan abubuwa, kan kusoshi, maɓallan dashbod, waifa, da gyaran inda aka yanko bamba daga jikin reshen robar da sassan suke zuwa a manne da shi. Dogon layi na foyil ne.

Ina da 504 ta ƙarfe da aka kawo min tsaraba, ƙyallin gefenta ya goge, foyil zai kama?

Zai kama Alhaji, fentin motocin ƙarfe ma ya fi na roba tauri saboda haka reza bata saurin ji masa. Ka wanke ta da ruwan sabulu ka cire maiƙon hannu na shekaru, in gilasan suna kwancuwa ka kwance su, sauran duk yadda na faɗa a sama ne. In babba ce 1/18, wajen santimita 25 kenan tunda ita 504 ta gaske da kamfanin Peugeot na Najeriya wato PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 tsawonta kusan mita huɗu da rabi ne, aikin zai yi daɗi domin layukan suna da faɗi. In 1/43 ce sai an yi haƙuri da tabarau. Ƙananan nan na 1/64 irin Hot Wheels kuwa kar ka wahalar da kanka, alƙalami ya ishe su. Amma in tsohuwa ce sosai mai kwalinta na asali ka yi tunani kafin ka taɓa, masu tara irinsu sun fi son ta da tabonta a kan wadda aka gyara.